Ranar da Saratu Za Ta Gama Aji Bakwai

Kazage, ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga Maigida,

Ina gaishe ka irin gaisuwar da nake yi maka in ka dawo daga daji ka jingine kekenka a jikin rumbu. Ba zan tambayi lafiyarka ba, don inda kake babu ciwo. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da ma akwai motar da ke zuwa wajenku, da ka ga rubutun za ka ce ba nawa ba ne, tunda ka tafi ka bar ni ko sunana ban iya rubutawa ba. To, ni ce Ladi. Da hannuna nake rubutu, ba wanda ya riƙe mini fensir. Sunanka kuwa ban taɓa kira ba kana raye, ba kuma zan fara a takarda ba.

Shekara biyar ke nan da tafiyarka. Yaranka suna lafiya. Saratu ta kamo ni a tsayi, Ishaya kuma ya ɗauko tafiyarka, har da yadda kake karkata kafaɗa. Motoci sun koma bin hannun dama, kuɗi ma an canza su. Aikinka na gadin gandun daji an ba wani mutumin wajen Saminaka, ba shi da laifi, yana gaishe mu in ya wuce. Itatuwan malainan da kuka dasa a bakin rafi sun fi coci tsawo. Iya, mahaifiyarka, ta biyo ka bara da damina. Ina jin ta riga ta ba ka rabin labarina, kuma na san rabin da za ta zaɓa. Shi ya sa na ga gara ka ji duka daga bakina.

Zan fara da abin da ya fi nauyi. Ranar da kububuwa ta sare ka kuna share hanyar tare gobara, abokan aikinka sun aiko a kira ni tun rana ba ta yi tsaka ba. An ce maka ina gona mai nisa, shi ya sa ban iso ɗakin shan magani ba sai la'asar, lokacin da bakinka ya riga ya rufe. Ba gona nake ba. Ina kwance a bayan tukwanen burkutu, na sha har ba na gane muryar mai kirana. Ka yi ta kallon ƙofa, haka suka gaya mini. Me kake so ka faɗa mini a ranar? Na yi shekaru ina wannan tambaya.

Ka san ina dafa burkutu tun kafin ka aure ni, sana'ar gidanmu ce. Abin da ban tabbata ka sani ba shi ne ɗanɗanawar da nake yi don in ji ko ta nuna ta daɗe da wuce ɗanɗano. Ko ka sani ka yi shiru? Akwai ranakun da kake dubana ka girgiza kai, ka ɗauki Ishaya ka fita da shi.

Bayan an binne ka sai na saki jiki gaba ɗaya. Shekara biyu ban san yadda suka wuce ba. Saratu tana aji huɗu na cire ta daga makaranta. Ban ce mata ta daina zuwa ba, amma wa zai hura wuta? Wa zai yi wa Ishaya wanka, wa zai miƙa wa masu sha ƙwarya in uwar gida tana kwance? Yarinya 'yar shekara goma ita ta zama uwa a gidanka, ni na zama abin da ake tsallakewa a bakin ƙofa.

Wata ranar kasuwa da rana, gida cike da masu sha, Ishaya ya ɗauki ƙoƙona ya shanye abin da na rage. Shekararsa biyar. Ya tashi yana tangaɗi, mutane suna ta dariya suna cewa ya gaji uwarsa. Ni ma na yi dariya, Maigida. Saratu ce ba ta yi ba. Ta goya shi, ƙato da shi, ta kama hanyar Tabanni da ƙafa har gidan yayanka Dauda.

Kwana biyu ya dawo da su da kansa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya a tsakar gida ya ce 'ya'yan ƙaninsa ne, yana da ikon ɗaukarsu yau, amma ɗakin da zai sa su bai yi masa rufi ba tukuna. Ya ce in an girbe dawa zai dawo, kuma abin da ya tarar shi zai yanke hukunci. A lokacin ana noman farko.

Ka tuna Malama Asabe, matar hedimasta, mutanen kudancin Zazzau ɗin nan da suka zo shekarar da aka haifi Ishaya? Ita ke koyar da mata karatun yaƙi da jahilci a inuwar makaranta bayan yara sun tashi. Ta daɗe tana aiko wa Saratu ta koma aji, ni ina ɓuya. Da labarin Dauda ya zaga gari sai ta zo da kanta da safe, lokacin da ta san kaina a sake yake. Na shirya jin wa'azi, don na sha shi a coci har na iya shi da ka. Ba ta yi mini ba. Ta zauna a kan turmi ta ce mahaifinta ma mashayi ne, kuma abin da ta lura da shi tun tana ƙarama shi ne duniyarsa ba ta wuce daga safe zuwa yamma. Ba ya ƙin 'ya'yansa, sai dai ba ya iya hango su a shekara mai zuwa. Sannan ta fito da takarda da fensir ta ce in ba ta labarin rana ɗaya wadda ba ta zo ba tukuna, rana mai daɗi, ta yarana.

Na ce ina so su zama mutanen kirki. Ta ce wannan ba rana ba ce, addu'a ce. Tana son rana guda, da wurinta, da mutanenta. Ta fara fifita da takardar tana jirana. Can na ce ranar da Saratu za ta gama aji bakwai. Sai ta shiga yi mini tambayoyi kamar alƙali. A ina ake taron? Rana ce ko hadari? Wane irin kitso ke kan Saratu, wa ya yi mata? Ishaya yana ina, me yake ci? Ina faɗa tana rubutawa. Na ga filin makaranta an share, an jera bencina, na ji ƙamshin ƙosai daga bakin hanya, na ga hedimasta yana kiran suna yana miƙa takarda. Har na fara murmushi. Sai ta ɗago kai ta ce, "Ke kuma kina ina?"

Na duba duk filin nan a cikin kaina, ban gan ni ba. Matar Dauda ce a kan benci. Ni ina ɗaki a kwance, ko kuma ina kusa da kai a bayan coci. Na yi kuka irin wanda ko ranar binne ka ban yi ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce mu sake, wannan karon in sa kaina a ciki. Na sa kaina a tsaye a gefen dama, da atamfar nan mai ruwan ganye da ka sayo mini daga Kaduna, ina riƙe da hannun Ishaya, bakina ba ya warin komai.

Abin da ta yi bayan nan shi ya kama ni. Ta ce mu taho da baya daga wannan rana. Kafin a gama aji bakwai sai an yi na shida, kafin na shida sai na biyar, kafin wannan sai Saratu ta koma aji huɗu. Yaushe? Litinin. In za ta tafi ranar Litinin, wa zai dama koko? Ni. In zan tashi in dama koko, me zan yi da yammacin Lahadi? Ka ga yadda abin da ke can nesa, shekara uku da wani abu, ya zo ya tsaya a kan ƙwarya ɗaya ta yammacin Lahadi. Ta naɗe takardar ta ba ni. Na ce ai ban iya karatu ba. Ta ce ajinta na farawa bayan azahar.

Ba zan yi maka ƙarya in ce daga nan komai ya miƙe ba. Makon farko na ɗauka mutuwa zan yi. Hannuna yana rawa har ba na iya ɗaure zani, gumi kamar an watsa mini ruwa, abin da na ci duk sai ya dawo. Inna Hajara ta bayan gidanmu, wadda kake saya wa goro in ka karɓi albashi, ita ta riƙe ni. Ta bar surfenta tana kawo mini kunun tsamiya tana ba ni da ludayi. Ita da ko ƙofar gidanmu ba ta son bi saboda warin giya, sai ga ta zaune a ɗakina tana mini fifita. Duk lokacin da abin ya taso mini, in ji kamar in fita da gudu in nemi ko ƙoƙo ɗaya a gidan wata, sai in damƙe takardar nan, in rufe ido in shiga filin makaranta. In fara daga bencina, in bi ta kan kitson Saratu, har in iso kaina a tsaye. Wani lokaci sau ɗaya ya isa. Wani lokaci sai na shiga sau biyar kafin abin ya sake ni.

Na daina dafa burkutu. Masu shan gidanmu sun ji haushi, wani ma ya ce zai ga kwana nawa zan yi. Tukwanen ban fasa su ba, na wanke su da toka, Inna Hajara ta koya mini daddawa. Dajin da ka tsare shi ke ciyar da mu yanzu. In ɗorawa ta nuna mu shiga mu roro, in lokacin kaɗanya ne mu tsinto mu yi man kaɗe. Daddawata har daga Birnin Gwari ake aikowa a saya.

Ga wani abu da ba wanda ya gaya mini zai faru. Da na daina sha sai na zama mafaɗaciya. Da can ba na dukan yara don ba na ma ganinsu. Yanzu ina ganin komai, komai kuma yana ba ni haushi. Wata rana na kwana biyu ina dafa kalwa, na surfe na wanke, na ajiye a kwando, Ishaya ya biyo kaza da gudu ya kifar da shi cikin ƙasa. Na fizgo kara. Ya durƙusa ya rufe kansa da hannu tun kafin in iso, ka san yaron da ya riga ya saba. Ban san yadda aka yi ba, sai na tarar ina yin abin da Malama ta koya mini, amma da wata rana dabam. Na gan shi ya zama magidanci, ya zo gaishe ni. Zai shigo ya zauna a tabarmata ya ba ni labarin aikinsa, ko zai tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe ni ya juya, yadda ni nake yi wa babana? Na ajiye karan. Na ce ya kawo ƙwarya mu tsince. Muka zauna muna tsince kalwa ɗaya ɗaya har rana ta karkata, yana satar kallona yana jiran dukan. Da bai zo ba, sai ya fara ba ni labarin kazar, wai ita ta fara tsokanarsa. Ranar na san ɗanka yana da ban dariya. Shekararsa shida ban sani ba.

Har yanzu nakan yi tsawa, wani lokaci hannu yakan riga ni. Amma yanzu in na yi kuskure ina kiran yaro in ce na yi kuskure. Iya, tun tana raye, ta ce wannan lalata yara ne, ba a taɓa jin uwa ta ba ɗa haƙuri ba. Na bar ta da ra'ayinta.

Saratu ce ta fi wuya. Ta koma makaranta, amma ba ta yarda da ni ba. Kullum da safe in ta durƙusa gaishe ni sai ta matso kusa fiye da kima. Na daɗe kafin na gane bakina take shinshinawa. Ban hana ta ba. Tana da gaskiya, don wata huɗu da dainawata na faɗi. An yi bikin ƙanwata a Saminaka, aka miƙo mini ƙwarya a gaban dangi, na ce zan taɓa baki kawai don kada a ce na yi girman kai. Uku na sha. Na dawo da yamma, ta tarye ni ta karɓi kayana, ta matso, ta ja da baya. Washegari da safe na fito na tarar ta ninke rigar makaranta ta ajiye, ta ɗaura tsohon zaninta tana hura wuta.

Maigida, da a da ne da na koma ɗaki na ja ƙofa, in ce ai dama na san ba zan iya ba. Amma na riga na shiga filin makarantar nan fiye da sau ɗari, na san shi kamar tsakar gidana, kuma ba na son in bar wa matar Dauda wurina. Na karɓi itacen daga hannunta. Na gaya mata na sha, ƙwarya uku, ban ɓoye ko ɗaya ba. Na ce jiya ce ta lalace, ba ranar da nake nufa ba. Sannan na ciro takardar, wadda ba ta taɓa gani ba, na karanta mata da irin karatuna na lokacin, ina tuntuɓe a kan kowace kalma. Ta saurara har ƙarshe fuskarta a ɗaure. Da na gama ta karɓa ta duba, ta ce kitson da na zaɓa mata na tsofaffi ne, ita shuku take so. Ta ɗauko fensir ta gyara da kanta. Sannan ta je ta sa rigar makaranta.

Tun daga nan abin ya zama namu mu uku. Ran Lahadi bayan an taso coci mukan zauna kowa ya faɗi ranarsa. Ba sai mai nisa ba. Wani lokaci ranar kasuwa mai zuwa ce, wani lokaci Kirsimeti. Ta Ishaya kullum akwai mota a ciki, shi ne direban babbar motar katako, ni ina gaba kusa da shi. A nan na ji cewa Saratu aikin jinya take so, ba koyarwa ba kamar yadda na ɗauka. Ta ce tana so ta iya abin da za a yi wa wanda maciji ya sara. Ka ji 'yarka.

Da aka girbe dawa Dauda ya zo kamar yadda ya ce. Kafin wani ya riga ni, na gaya masa zancen Saminaka da bakina. Ya wuni a gidan. Ya ci tuwo, ya leƙa tukwane, ya sa Saratu ta karanta masa littafinta, ya duba ƙafafun Ishaya ko da kaushi da tsaga. Da la'asar ya hau kekensa ya ce zai sake zuwa baɗi. Bai yaba mini ba, ka san halin gidanku. Ya zo baɗin, ya zo shekarar bayanta. Ɗakin da ya yi wa rufi don yaranka, yanzu gyaɗa yake zubawa a ciki.

Ranar kuwa ta zo, wata biyu da suka wuce. Ba ta yi kama da ta takarda ba sosai. Atamfar da ka saya mini gara ta ci gefenta, sai da na naɗe wajen a ciki. Mai ƙosai ba ta fito ba. Na tashi da ciwon haƙori, kuncina a kumbure. Saratu ba ta zo ta ɗaya ba, ta shida ta zo. Amma an share filin, an jera bencina, an kira sunanta da naka a haɗe, kuma ina tsaye a gefen dama da ƙafafuna. Ni na yi mata shukun. Da ta karɓi takardar ba ta koma layi ba, ta ratso mutane ta kawo mini, na karanta da kaina tun daga sama har ƙasa. An ɗauke ta makarantar 'yan mata a Zariya. Ran Litinin zan raka ta bakin titi ta hau mota.

Saura abu ɗaya, shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki fensir yau. Shekarun nan na farko, addu'ar da nake yi a ɓoye ita ce Allah ya ɗauke ni in same ka. Ina ganin wannan shi ne ƙauna. Ko da na fara tsara ranakun nan, nakan saka ka a ciki a sace, kana tsaye can baya da hular aikinka. Malama ba ta sani ba. Sai a hankali na gane duk ranar da na sa ka a ciki ba ta riƙe ni, don zuciyata ta san ba za ta zo ba. Dole na koyi hango ranaku masu daɗi waɗanda babu kai. Wannan ya fi barin giya ciwo. Ka yafe mini shi, tare da na ranar da ka yi ta kallon ƙofa.

Yanzu ina da ranaku da yawa a gaba, na rubuta su da hannuna. Akwai ranar da Saratu za ta sa fararen kayan jinya. Akwai ranar da Ishaya zai kawo mini matar da zai aura in yi mata kallon tsaf. Akwai wata ma da ni kaɗai ce a ciki, na tsufa, ina zaune a inuwa ina koya wa wata mata irina yadda ake riƙe fensir. Ban ce ƙwarya ta daina kirana ba, tana kira, musamman in an yi ruwa ƙamshin tsiron dawa ya taso daga maƙwabta. Amma na san abin da zan yi in ta kira, kuma na fi ta sanin inda za ni.

Saboda haka ka huta, kada ka sa ido a hanya. Zan zo, amma zan daɗe. Ina da aiki a nan.

Sai mun sadu a lokacin da Ubangiji ya so.

Ni ce matarka, uwar Saratu da Ishaya,
Ladi.